Na Kwashe Rufi, Na Bar Ɗa

Yau da hantsi ina zaune a tsakar gidan 'yata a Maitumbi, ina shan rana don ƙafafuna, sai jikata ta leƙo daga ɗaki ta ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa, sunan yanka, har sau biyu. Yaron ya zo da gudu. Ta kama kansa ta sumbace shi a goshi, a gaban uwarta, a gabana, a gaban mai ruwa da ya tsaya da kurarsa a bakin ƙofa. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Ni kaɗai na sunkuyar da nawa, don jikina bai san an daina ba.

A zamaninmu mace ba ta kama sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗora shi a cinya in akwai ido. Sai dai ta ce yaron nan, ko wancan, ko ta yi gyaran murya ya gane da shi ake. Ni Gwaggo ce ta riƙe ni, ƙanwar mahaifina, don uwata ta rasu ban san fuskarta ba, kuma Gwaggo mace ce da ba ta maimaita magana. Ranar da na gama wankan jego ta zaunar da ni a bayan ɗaki ta ce in buɗe kunne. In yaron ya faɗi, in bari wata ta ɗaga shi. In aka yabe shi, in tashi in ba da wuri. In aka tambaye ni ko nawa ne, in yi kamar ba da ni ake ba. Ta ce da wannan ake gane 'yar da aka yi wa tarbiyya, kuma duk ranar da na zubar da shi, ita na zubar. Na riƙe maganar kamar yadda na riƙe karatun salla. Ban taɓa jin nauyinta ba, don kowa haka yake yi. In gida ya yi shiru da tsakar rana, kowa ya kishingiɗa, nakan jawo yaron cikin ɗaki in shinshina kansa, mai warin rana da ƙasa, in sake shi kafin wani ya motsa.

Minna ta lokacin ba wannan ba ce da Keke masu ƙafa uku ke tsere da juna tun asuba. Gari ne ƙarami da ya kwanta a gefen tasha, jiniyar jirgi ce agogonmu. In ta yi ta safe, ka ji taɓare sun tashi gida-gida. In ta yi ta yamma, maza sun fara dawowa. Nan Maitumbi gonakin doya ne, Tudun Fulani kuwa shanu ne da bukkoki, ba wanda ya san za a tare ruwa a Tagwai a turo shi cikin famfo. Mukan sauka rafi da tulu. Dangin mijina da jirgi suka zo garin, kakansu ya biyo masu shimfiɗa dogo bai koma ba. Shi mijina maƙerin farin ƙarfe ne, yana ƙera bokiti da mazurari da 'yar fitila a bakin tasha. Ni na ce ina son sa, ba wanda ya tilasta ni. Mutum ne mai sanyin magana, sai dai ba shi da kai a gaban mahaifiyarsa, ba shi da kai a gaban abokansa.

Sana'ata man gyaɗa. Wata maƙwabciyarmu Bagwariya, Kirista, ita take kawo mini gyaɗa daga gonarsu, ta ɗoro ƙwarya a kafaɗa kamar yadda matansu suke yi. In soya a kasko, in murje, in sheƙe, in daka har hannuna su mutu, in zuba ruwan zafi ina juyawa har man ya taso, in murza tunkuza in soya ƙuli-ƙuli. Hayaƙi ya cinye mini ido tun ina da ƙuruciya. Duk suya nakan yi guda ɗaya mai kamar zobe, in ajiye a bakin turmi in juya baya. In na waiwayo babu shi. Tsakanina da yaron ba mu taɓa magana a kai ba.

Ɗakina jinka ce, kamar kowane ɗaki a gidan, kuma damunar Minna ba ta wasa. Ruwa ya ɗiga a kan gado, ya ɗiga a cikin gyaɗa, yaron ya yi ta tari. Sai na fara sayen kwanon rufi da gumina, falle ɗaya yau, falle ɗaya bayan wata biyu, ina jinginewa a bayan ɗaki. Damuna uku na yi ina tarawa. Ranar da kafinta ya buga ƙusa ta ƙarshe, mata suka shigo kallo, aka yi ta sa albarka. Ruwan farko da ya sauka a kan kwanon nan, ni da yaron muka zauna muna saurare, shi a can gefe, ni a nan gefe, ba mu dubi juna ba.

Daga nan aurena ya fara mutuwa. Uwar mijina ta ce ba ta taɓa ganin gidan da matar ɗa take kwana a ƙarƙashin kwano, uwa tana ƙarƙashin ciyawa ba. Abokansa a tasha suka sa shi gaba, in ya iso sai su ce ga wanda mata ta yi wa rumfa. Ya daina cin abincina da daɗi. Wata rana bayan azahar ya tsaya a ƙofar ɗakin, bai shigo ba, ya ce in kwashe kayana in koma ɗakin Inna, mahaifiyar tasa, Inna ta dawo nawa. Na ce in yana so in taya shi tara wa Inna nata, zan taya, amma wannan ba zan fita ba. Ya ce to in fita daga gidan gaba ɗaya, ya sake ni. A lokacin ina goyon 'yata, wadda nake zaune a gidanta yanzu, shi kuma yaron ya fara famfara. Na goya jaririya na tafi gidan Gwaggo. Yaron na bar shi yana wasa a zaure, don na ɗauka kwana biyu ne za a zo biko. Ba wanda ya zo. Kafin in gama idda labari ya iso cewa Inna ta tare a ɗakina, ita da jikanta.

Gwaggo ce ta ce sai an je gaban alƙali. Ta ce ba za a ci gumin marainiya tana raye ba. Muka je. Alƙalin tsoho ne, yana zaune a kan buzu, muhutinsa yana gefe da alƙalami. Mijina da Inna da yaron suna hannun dama, ni da Gwaggo muna hagu, bayanmu kuma matan unguwa ne da suka biyo mu, har da maƙwabciyata Bagwariya. Aka fara da maganar kwano. Ranar na san ina da baki. Na faɗi inda na sayi kowane falle, na faɗi wanda ya ɗauko mini, na faɗi wanda ya lanƙwashe a gefe saboda akuya ta haye shi. Inna ta ce ɗanta ne ya saya, na tare ta, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Aka kira kafinta ya ba da shaida. Alƙali ya tambayi mijina, ya sunkuyar da kai ya amsa cewa kwanon nawa ne, ba nasa ba. Tun hantsi muke wannan har rana ta take. Babu kunya a kan kaya, ba wanda ya taɓa koya mini kunya a kan kaya.

Sai alƙali ya ce saura 'ya'ya. Ta goye dai ba a yi dogon zance ba, Inna ta yarfa hannu ta ce mace ce, su je da ita. Ya juyo gare ni.

“Yarinya, shari'a ta ba ki riƙon yaron nan har ya balaga, muddin ba ki yi wani aure ba. Uban zai ciyar. Ɗanki ne, kina so ki tafi da shi?”

Na ji maganar sarai. Na ja mayafina na rufe fuska. Ga surukata, ga matan unguwa, ga Gwaggo da ta ɗora babban yatsan ƙafarta a kan nawa ta danna. Ya sake tambaya. Na ƙara sunkuyar da kai. A cikin raina ina cewa ai kowa ya sani, ai ba sai na faɗa ba, wace uwa ce za a tambaya wannan? Tsohon nan ya san abin da yake damuna, don ya sassauta murya ya ce babu kunyar ɗan fari a gaban shari'a, in buɗe baki ko da kalma ɗaya ce, ko in gyaɗa kai. Gwaggo ta ce, Allah ya gafarta Malam, ba a tarbiyyantar da ita ta yi jayayya a kan ɗan fari ba. Ya ce ba ita ya tambaya ba. Ya yi ta uku. Ya jira har na ji ƙuda yana yawo a ɗakin. Sannan ya ce wa muhuti ya rubuta cewa uwa ta bar yaro a hannun ubansa da yardarta.

A hanya mata suka yi ta yabona. Suka ce 'yar mutunci, suka ce Gwaggo ta iya riƙo. In zan faɗi gaskiya, kuma ba ni da sauran lokacin ƙarya, har daɗi na ji. Na ɗauka takarda daban, rayuwa daban. Gidajen ba nisa, yaro zai riƙa zuwa da ƙafarsa, wata rana ya kwana, wata rana ya zauna. Maƙwabciyata kaɗai ta tare ni a bakin hanya, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

“Kai wane irin mutum ne? Ka yi faɗa don kwano tun safe. An ce maka ga yaro, ka rufe baki. Kwano ne ka haifa?”

Matan suka yi dariya, suka ce ba ta san al'ada ba. Ni ma na yi murmushi.

Washegari Gwaggo ta ɗauko kafinta da masu amalanke. Farkon damuna ne, hadari yana haɗowa ta gabas kullum da la'asar. Na ce ko a bari ruwa ya ɗauke, ta ce abin da alƙali ya ba ka yau, in ka bari gobe ya zama roƙo. Na tsaya a ƙofar gida ban shiga ba. Har yau in na ji ana zare ƙusa daga kwano, wannan ƙara mai kamar kukan ɗan akuya, sai in toshe kunnena. Falle bayan falle ana saukewa, Inna tana fito da tabarmarta da ƙwaryarta tana ajiyewa a tsakar gida. Ta gefen zaure na hango gadon da yaron yake kwana, rana ta sauka a kansa. Sai ga shi ya fito, ya tattara ƙusoshin da suka zubo a cikin rigarsa, ya zo ya tsaya a gabana ya miƙo. Mutane cike da ƙofar gida. Na kau da kai. Gwaggo ce ta buɗe gefen zanenta ya juye mata. Muka bi bayan amalanke. Kafin mu isa gida ruwa ya kece.

Inna ba ta sake rufe ɗakin nan ba. Suna da halin yi masa jinka, har daga baya sun yi halin kwano, amma ta ce a bar shi. Damuna ta riƙa cin katangar kaɗan-kaɗan, ciyawa ta fito a inda gadona yake. Maƙwabciyata ta gaya mini duk sanda yaron ya yi kukan yana son zuwa wurina, sai Inna ta kama hannunsa ta kai shi bakin kangon ta ce ya ɗaga kai. Ta ce masa uwarsa ta yi rabin yini tana faɗa a kan wannan, da aka zo kansa ko tari ba ta yi ba. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba, shi ya sa na rasa ta inda zan ƙaryata ta. Na aika masa ƙuli-ƙuli mai zobe, aka dawo da shi a ƙullinsa. Na tsaya a hanyar makarantarsu, ya hango ni ya canja hanya. Kwanon kuwa ya yi shekaru a jingine a gidan Gwaggo, don ba ni da ɗakin da zan rufe. Ya yi tsatsa. A ƙarshe da shi aka kewaye makewayi.

Da na ga abin ba na kwana biyu ba ne, na riga na yi wani aure, an kai ni Tudun Fulani. Na saci jiki na koma kotu ni kaɗai. Tsohon ya rasu, wani ne a wurin. Ya saurare ni, ya sa aka duba takarda, ya ce na bari da yardata, kuma yanzu ina gidan wani namiji, haƙƙin ya wuce ni. Ya tambaya ko uwata tana raye, ko tana da 'yar'uwa mace. Na ce babu. Ya ce to kakarsa ta wajen uba ce ta fi cancanta. Ranar na faɗi duk abin da ya kamata in faɗa tun farko, da kuka da majina, a gaban mutanen da ba abin da za su iya yi mini.

Yaron ya girma, ya yi boko, ya yi aikin gwamnati har ya gama, ya gina gida a wajen Bosso. Bai taɓa zagina ba. Kowace salla ana kawo mini shinkafa da turmin zane daga gidansa, ba ta taɓa fashi ba. In muka haɗu a wurin rasuwa ko suna, zai durƙusa ya gaishe ni, ya ce Hajiya ina gajiya. Ban taɓa zuwa Makka ba, ya kuma sani. Sunan da ake kiran kowace tsohuwa a kasuwa ne.

Abin da ya tayar mini da wannan duka, jikar nan tawa ce. Bara aurenta ya mutu, mijin ya riƙe yara biyu, ya kulle mata firiji da keken ɗinki. Ba ta yi zaman jiran biko ba. Ta tare Keke, ta ce in raka ta in riƙe mata jaririya. Na zauna a benci a baya. Da alƙali ya fara da maganar kaya sai ta ce, ranka ya daɗe, a fara da 'ya'yana. Ta kama sunayensu ɗaya bayan ɗaya, na farin ne farko, muryarta ko rawa ba ta yi. Alƙalin ya faɗi abin da tsohon nan ya faɗa mini, kusan kalma da kalma, har ya ɗora wa uban ci da kuɗin makaranta. Shari'ar ba ta canja ba ashe. Ta dawo da yaranta a ranar, kayan suka biyo baya. Mata suka yi ta guɗa a tsakar gida, ni na shiga ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya.

Bayan sati na sa aka kai ni gidan yaron nan nawa a Bosso. Na same shi bayan la'asar a kan tabarma a ƙofar falo, gemu fari fat, ya fi ubansa tsufa a sanda ubansa ya rasu. Ya sa aka kawo mini ruwa. Na ce ba ruwa ya kawo ni ba. Na gaya masa komai, maganar Gwaggo a bayan ɗaki, da yatsan da ta danna mini, da komawata kotu, da shinshinar kansa da nake yi in ba kowa. Na ce a lokacin shi yaro ne, bai san abin da ake ciki ba, abin da aka gaya masa kawai ya sani. Ya saurara har na gama, yana jan carbi.

“Hajiya, al'adar na san ta, ba sai an yi mini bayani ba. Amma ba gaya mini aka yi ba. Ina wurin. Sau uku ya tambaye ki.”

Na ce haka ne, sau uku.

“A ta farko na ce kunya kike ji. A ta biyu ma haka. Da ya yi ta uku, ni na riga na miƙe tsaye, na ɗauki takalmana a hannu. Har na yi taku biyu. Da aka fara rubutu ne Kaka ta jawo rigata na zauna.”

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun tuni, ai wajibi ne, Allah ya ce a yi. Ya faɗe shi kamar yadda yake cewa ina gajiya. Sannan ya leƙa waje ya ce a tare wa Hajiya Keke kafin hadari ya taso.

Duk wanda yake ɗakin nan ya ga yaron ya miƙe. Alƙali ya gani, shi ya sa ya jira. Gwaggo ta gani, ta rayu shekaru bayan nan ba ta faɗa mini ba. Ni ban gani ba. Fuskata tana cikin mayafi, kaina yana ƙasa, kamar yadda aka koya mini.